Faɗuwar Rana a Idon Baba

Sau da yawa idan ina karanta littattafan 'yan uwana marubuta, nakan ci karo da wata jimla wadda kusan kowa ya haddace ta. Za ka ga an kai tauraron labari asibiti rai a hannun Allah, dangi sun yi jugum a bakin ƙofa, can sai likita ya fito yana share gumi ya ce an dace. Daga nan sai marubuci ya ce aka yi aiki, Allah Ya ba da sa'a, ya warke sumul. Shi ke nan, sai babi na gaba, a koma kan maganar aure. Ba gori nake yi wa kowa ba, domin ni ma akwai wani rubutu nawa da ke kwance cikin akwati shekara da shekaru, wanda a cikinsa na makantar da wata yarinya a shafi na 40, na kuma buɗe mata ido a shafi na 43. Abin da ya sami mahaifina ne ya sa yanzu ba na iya wuce wannan jimla ban tsaya ba, shi ne kuma nake so in ba ku labari.

Mahaifina maɗinki ne, ba na keke ba, na hannu. Babbar riga yake yi wa aiki, aska biyu da aska takwas, wani lokaci kuma hula idan kasuwar riga ta yi sanyi. Tun da na yi wayo na san shi a zaure kan tabarma, ya jingina da bango ta inda haske ke shigowa, riga a cinya, zare a baki. Da wannan allura ya ciyar da mu mu tara, da ita kuma ya yi ta ɗawainiya da ni har na sami difloma a fannin koyarwa. Da yake ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba. Da can "kai yaro" ne, da na kama aikin koyarwa a sakandare sai ya koma ce mini "Malam", wata rana da gaske, wata rana da 'yar zolaya.

A shekarar 2009 yana ta rufe masa idon hagu. Ina can wurin aiki a wani gari, Baffana, wato ƙanensa, ya kawo wani mai aikin ido na gargajiya wanda ya sauka garinmu ranar kasuwa. Su waɗannan mutane ba cire yanar suke yi ba. Wani tsinke mai kaifi suke sokawa ta gefen ido su ture ta, ta kwanta can ciki, hanyar haske ta buɗe. Nan take Baba ya ga hasken ƙofa, ya ƙirga yatsun Baffa, aka yi kabbara, aka biya mutumin ya ƙara gaba. Ba a yi wata biyu ba ido ya yi jajir, ciwon kai ya hana shi barci, har da amai. Kafin shekara ta zagayo idon ya mutu murus. Ba Baba kaɗai ba ne. Binciken makanta da aka yi a duk faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa cikin kowane ido goma da aka taɓa saboda yana, fiye da huɗu irin wannan aikin aka yi musu, kuma mafi yawansu ba su tsira da gani ba.

Saboda haka da yana ta fara kama idon dama, ido ɗaya tilo da ya rage, sai na kafe kai da fata cewa asibiti za a je. Baba ya ƙi. Ya ce gara hazo-hazon da yake gani da duhu. Na yi ta lallashi har wata uku, kuma har yau ina tuna kalmomin da na karya masa gwiwar gardama da su. Na ce, "Baba, wannan ba irin wancan ba ne. Su cirewa suke yi ɗungurungum, su sa muku wani ɗan gilashin roba a madadinsa, wanda ba ya tsufa, ba ya ruɓa. In an yi an gama ke nan, har ƙarshen rayuwa."

Aka yi aikin a 2014, aka kuwa dace. Kashegari da aka cire auduga ya dubi hular da ke kaina ya ce wanda ya ɗinka ta ya yi ha'inci a gefen hagu. Ya koma zaure da tabarau, ya koma allura. Shekara takwas muna cikin wannan ni'ima, ni kuma, Allah Ya yafe mini, na mai da abin tutiya. A aji na ba da misali da shi, a majalisa na ba da misali da shi, Baffa kuwa ba na barin wata dama ta wuce ban tuna masa da mutumin ranar kasuwa ba, cikin ladabi dai, amma yana jin zafin.

Bayan Babbar Salla ta 2022, ana tsakiyar damina, Inna ta lura Baba yana miƙa hannu zai ɗauki buta sai ya kama iska. Ta lura ya daina ɗinki da hantsi, ya ce wai hadari ne ya rage haske. Ashe ya fi wata yana ɓoyewa. Ranar da na zo gida ƙarshen mako, ya bari sai da kowa ya watse bayan isha'i, sa'an nan ya ce, "Malam, abin nan naku ya motsa."

Naku. Wannan kalma ta fi komai tsaya mini a rai.

Ya ce da fari wata yake gani biyu, alhali da ido ɗaya yake kallo. Sai kuma ya riƙa ganin wani abu kamar bakin faranti ya gitta masa ta sama, in ya juya kai abin ya yi rawa. Yanzu kuwa komai ya zama hazo, fuskata ma inuwa ce kawai. Amma akwai abin da ya ɗaure masa kai: idan ya sunkuya zai yi sujada, sai ya ga saƙar tabarma tar, kowane kaba da launinsa, da ya ɗago sai hazo ya dawo. Har ya fara tunanin ko wata ishara ce.

Mai karatu, ni ina koyar da Hausa ne, amma kamar yadda aka saba a makarantunmu, duk shekarar da aka rasa malamin kimiyya a ƙananan azuzuwa ni ake turawa. Na zana ido a allo ya fi sau hamsin. In zana da'ira, in sa ɗan madubi a gaba mai siffar ƙwayar wake, in ja layi biyu su haɗu a baya, yara su kwafa. Ban taɓa tambayar kaina me ke riƙe da wannan madubi a wurin ba. A allo alli ne ke riƙe da shi.

Likitan da muka fara gani ne ya cike mini wannan giɓi, bayan ya ɗiga wa Baba maganin da ke buɗe ƙwayar ido ya leƙa da fitilarsa. Ya ce madubin da Allah Ya halitta a cikin ido yana zaune ne cikin wata 'yar jaka wadda ta fi ɓawon albasa rashin kauri, jakar kuma tana rataye da waɗansu zaruruwa sirara masu yawan gaske da suka kewaye ta, kamar yadda tsirkiya ke ɗaure fatar kalangu ta kowane gefe. Yana ba wata fata ba ce da ke tsirowa a kan ido kamar yadda muke zato. Shi wannan madubin ne ke dusashewa. In za a yi aiki, sai a buɗe jakar ta gaba, a kwashe madubin da ya dusashe, a bar jakar, a zura na roba a ciki. Na robar faɗinsa milimita 6 ne, yana da 'yan ƙafafu biyu lanƙwasassu da ke tokare shi. To, gilashin ba ya tsufa, wannan gaskiya na faɗa. Amma jakar da zaruruwan na Baba ne, tare suke tsufa da shi. Wani akan sami matsala tun ranar aiki idan jakar ta yage, gilashin ya goce cikin 'yan makonni. Wani kuma sai bayan shekaru, idan zaruruwan suka yi ta tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ko saboda bugu a ido, ko saboda wata larura. A idon Baba ya ga wani farin gari-gari kamar amosanin ka a bakin ƙwayar idon, ya ce wannan larura ce da ke zuwa da shekaru, takan cinye ƙarfin zaruruwan, takan kuma hau da matsin ruwan ido. Ya ce ba laifin wanda ya yi aikin farko ba ne, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin yana har su koma ga Allah gilashinsu na nan daram.

Ya ƙara da wani abu da ya tsaya mini. Wai idan gilashin ya fara zamewa ƙasa, gefensa na sama ya bayyana a ƙwayar ido kamar rana tana nutsewa, su likitoci a harshensu faɗuwar rana suke kiran abin. Ta Baba kuwa ta riga ta faɗi. Gilashin da jakarsa gaba ɗaya sun sulale cikin ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai da ya cika bayan ido. Idan ya kifa fuska, sai gilashin ya taso ya zo daidai hanyar haske, ya ga tabarma. Idan ya ɗago, ya koma ƙasa ya kwanta. Ishara dai ba ita ba ce.

Da muka dawo gida na yi wa dangi bayani, sai Baffa ya gyara zama. Ya daɗe yana jiran wannan rana, ban kuma ga laifinsa ba. Ya ce, "To Malam, ni ban yi boko ba, ka fahimtar da ni. Nawa mutumin ya ture na Allah ya faɗa ciki, kuka ce jahilci ne. Naku mutanen sun sa na Bature, ga shi ya faɗa ciki da kansa, wuri ɗaya. Ina bambancin?"

Na buɗe baki na rufe. Domin in ana maganar wuri, gaskiyarsa ne, rami ɗaya ne. Na kwana uku ina juya wannan tambaya kafin na sami abin da zan iya riƙewa. Na ɗaya, madubin halitta idan aka fasa shi aka tura ciki, abin da ke fita daga jikinsa yana tayar da kumburi da matsin da ke kashe jijiyar gani, shi ya sa idon hagu ya yi ta azaba har ya mutu. Robar kuwa ido ba ya faɗa da ita. Ga Baba nan wata guda da gilashi a kwance a ciki, ko ja idon bai yi ba. Wannan ma shi ne asalin ƙirƙiro ta. Wani likitan Ingila mai suna Harold Ridley ya lura a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu cewa matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar murfin jirgi ya shige musu ido, idon yakan zauna lafiya da shi. Daga nan ya sa aka ƙera madubi da irin wannan roba, ya fara sa wa mutum a Landan a 1949. Kuma gocewa daga mazauni na cikin manyan matsalolin da gilasansa na farko suka fuskanta, saboda sun yi nauyi. Wato abin da ya sami Baba ya girme ni, tun ranar gini aka yi zane. Na biyu kuwa, wanda ya fi sauƙin faɗa wa Baffa, mutumin ranar kasuwa ba mu san ko sunan garinsu ba. Waɗannan kuwa suna da ƙofa, da kati mai lamba, da wanda za a koma wa a ce ga abin da ya faru.

Sai dai komawar ba ta zo da sauƙi ba. Likitan ya ce ɗauko abin da ya faɗa bayan ido ba aikinsa ba ne, sai ƙwararren da ya karanci wannan ɓangare, mai injin yin sa, irinsu kuma ƙalilan ne a ƙasar nan. Ya rubuta mana takarda zuwa wani babban asibitin ido a birni. Na nemi izini wurin shugaban makaranta, na roƙi abokin aiki ya riƙe mini azuzuwa, na karɓi kwasar adashe kafin lokacina, Inna ta sayar da tunkiya biyu. Ba zan tsaya kan layin karɓar kati da kwanan baranda ba, duk wanda ya taɓa jinya ya san su.

Ƙwararren da muka samu matashi ne, ban fi shi shekaru da yawa ba, Hausarsa kuma ta ciniki ce kawai. Saboda haka ni na zama tafinta. A nan ne, 'yan uwa, na gane talaucinmu. Ni da nake koyar da Hausa, nake kuma taƙama da rubutu, sai ga ni ina lalube. Tantanin da ke can bayan ido wanda hoto ke sauka a kansa, me sunansa? Sai na ce majigin ido. Ruwan mai kauri? Farin ƙwan ido. Baba ya gane, amma ni na ji kunya, domin na san kalmomi goma na kwatanta idon budurwa, ban san ko ɗaya ta abin da ke cikinsa ba.

Bayan an auna tsawon idon, an kuma duba cikinsa da na'urar nan irin ta duba juna biyu, likita ya shimfiɗa mana hanyoyi. Ana iya barin gilashin inda yake, tunda bai taɓa komai ba tukuna, a ba Baba tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Zai ga hanya, amma komai zai ƙara girma, gefe-gefe ya lanƙwashe, gilashin kuma yana nan yana yawo kusa da majigin, wata rana yana iya yi masa lahani. Ko kuwa a shiga a ɗauko shi. In an ɗauko, tunda jaka ta tafi, sai an nemo wa sabon gilashi wata madogara. Akwai wanda ake ajiyewa a gaban baƙin ido, amma ya ce bai so wa Baba shi ba saboda matsin idonsa da ma yana neman hawa. Akwai mai 'yan farata da ake maƙalawa a jikin baƙin idon. Akwai dabarar da wani likitan Japan mai suna Yamane ya bayyana a 2017, inda ake zaro ƙafafun gilashin ta cikin farin ido, a ɗan ƙona bakinsu su yi kai kamar na ƙusa don kada su zame. Akwai kuma tsohuwar hanya: a ɗinke ƙafafun biyu a jikin farin ido da zare.

Da na fassara kalmar zare, sai Baba, wanda tun shigarmu bai ce uffan ba, ya ɗago kai. Ya ce, "Tambaye shi, wane irin zare?"

Likita ya ce na roba ne, ya fi gashin kai siranta.

"Tambaye shi, yana ruɓewa?"

Na ga likitan ya ajiye biro. Ya ce tambaya ce mai kyau, kuma amsar ita ce, wanda aka fi amfani da shi a da, mafi siriri, an gano yakan tsinke a idon waɗansu bayan shekaru, gilashi ya sake karkacewa. Shi ya sa yanzu suke amfani da mai ɗan kauri. Amma ba zai rantse cewa ba zai taɓa tsinkewa ba.

"Ƙullin fa, a waje yake bari ko a ciki?"

Ya ce yakan ɗaga wani ɗan ɓawo a jikin farin idon, ya yi ƙullin a ƙarƙashi, ya mayar ya rufe, domin in ƙulli ya leƙo waje yakan ci fatar da ke kansa, ya zama hanyar da ƙwayar cuta za ta bi ta shiga. Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ya san aiki. Ƙulli ba ya kwana a fuskar riga. Gaya masa ya yi wanda hannunsa ya fi sabawa da shi."

Sa'an nan aka zo wurin da ya sa na ɗauki alƙalami na rubuta wannan. Likita ya jawo takardar amincewa ya fara lissafa abin da ka iya faruwa. Majigin ido na iya ɓallewa daga bango, ko lokacin aiki ko bayansa. Jini na iya zuba a ciki. Matsi na iya hawa. Tsakiyar majigin na iya kumbura gani ya dusashe. Ƙwayar cuta na iya shiga, wanda ba kasafai ba ne, amma in ya faru ana iya rasa idon. Kuma wannan ne kaɗai idon da Baba ke da shi. Yana faɗa yana dubana, yana jira in juya.

Wallahi sai da zuciyata ta raya mini in taƙaita. In ce, Baba, ya ce in sha Allahu ba komai. Wa zai kama ni? Likita ba ya jin Hausar da zan yi, Baba ba ya jin Turancin da aka yi. Ina tsoron in na faɗa duka ya tashi ya ce a mai da shi gida. Amma "abin nan naku" na nan yana yi mini amsa-kuwa. Sai na faɗa, ɗaya bayan ɗaya, ban rage ko ɗaya ba, muryata tana rawa a kan na ƙarshen.

Baba ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Wancan karon ma sun faɗa maka irin wannan?"

Na tuna wata takarda a 2014, da wata nas tana karantowa da sauri, da ni ina sa hannu ina duban agogo. Na ce, "Sun faɗa, Baba."

Ya ce, "Hm." Bai ƙara ba. Ya miƙa babban yatsa aka shafa masa tawada ya dangwala. Ni dai da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar aiki ba a sa shi barci ba, allurar kashe zafi aka yi masa a gefen ido, saboda haka abin da zan faɗa rabi daga bakin likita ne, rabi daga bakinsa. Ƙofofi uku ƙanana ake hudawa a farin ido, 'yan milimita kaɗan daga bakin baƙin. Ta ɗaya ruwa ke shiga don kada ido ya lotsa, ta biyu fitila, ta uku wani ɗan bututu mai yanka yana zuƙa, wanda ke cinye farin ƙwan nan kaɗan-kaɗan. Dole a fara share shi, domin yana manne da majigi; in ka ja gilashin yana cikinsa, ka ja majigin ke nan ya yage, kamar mai fizgar ƙaya daga tsohuwar riga. Sai an share sarai sa'an nan a sa ɗan hantsaki a ɗago gilashin zuwa gaba. Da yake na Baba irin mai taurin nan ne da ba ya naɗuwa, sai da aka yi masa ƙofa daidai faɗinsa aka fitar. Aka shigar da sabo, aka ɗaure ƙafafunsa da zare, ɗaya nan ɗaya can suna fuskantar juna, aka daidaita ja don kada ya karkata.

Baba ya ce yana jin ƙarar inji kamar ƙudan zuma, yana jin suna magana ƙasa-ƙasa. Ya ce ya ga haske launi-launi, kuma ya rantse ya ga inuwar hantsakin a cikin idonsa ta sauko ta kama wani abu ta yi sama da shi. Na zaci ruɗu ne, amma likita ya ce waɗansu kan gani. Ni kuwa ina waje kusan awa biyu, na ƙirga tayil ɗin baranda har na haddace. Babu wanda ya fito yana share gumi. Wata nas ce ta leƙo ta ce ɗan uwan mai lamba kaza ya je ya sayo magani.

Daga baya likita ya nuna mini tsohon gilashin a cikin 'yar kwalba. Bai fi ɓawon kifi ba, jakar ta yamutse ta naɗe shi. Wannan ɗan abu ne na yi shekara takwas ina cika baki a kansa.

Kashegari da aka buɗe, babu maganar hula. Ido ya yi ja, ya kumbura, Baba ya ce hannu kawai yake gani yana motsi. Cikina ya ɗuri ruwa, na fita bayan ɗaki na tsaya. Likita ya ce haka ake tsammani, a ba shi lokaci. Aka sallame mu da magungunan ɗigawa kala huɗu, kowanne da sa'o'insa, na zana wa Inna jadawali a bayan kalanda da alamar rana da wata. Aka hana shi sunkuyawa da ɗaukar nauyi, aka ce ya kwana da murfi a ido. Sallah a zaune da ishara ta fi komai yi masa ciwo, sai da limamin unguwa ya zo da kansa ya kwantar masa da hankali. A mako na biyu matsin ido ya hau, muka koma birni ba shiri, aka ƙara wani magani wanda har yau yana ɗigawa safe da dare. Hazo ya riƙa janyewa kamar na hunturu, yau ka ce ya tafi, gobe ka ga saura. Sai a wata na biyu, a gaban allon nan mai harafi mai ƙafa uku, na ga yana nuna sama, ƙasa, hagu, yana sauka layi bayan layi har ya wuce inda na yi zato. Aka yanka masa sabon tabarau.

Bai koma yadda yake ba, kada in sake yin abin da na yi a baya. Aska takwas ta fi ƙarfinsa yanzu, hula yake yi, ita ma da hantsi kawai, kuma ƙaramar 'yata ce ke zura masa zare a kafar allura kafin ta tafi makaranta, allura biyar a jere a soke a jikin matashi. Yana gane fuska daga bakin zaure, yana zuwa masallaci shi kaɗai, yana karanta ajaminsa. Baffa ya zo dubiya da goro, ya zauna suka yi hirar gona. Bai tayar da tsohuwar magana ba, ni ma na kama bakina.

Hular farko da ya gama bayan aikin, wata huɗu ta ɗauke shi. Ya juya ta a hannu ya nuna mini inda layi ya ɗan kauce, ya ce da can da ya farke, amma yanzu a bar shi haka. Ya sa aka naɗe ta a takarda muka kai wa likita ranar komawa. Duk wata shida muke zuwa a duba matsi, a kuma leƙa ko ƙullin na nan a rufe. Katin asibitin yana cikin gwangwanin da yake ajiye allurai. Makon jiya da na je gida ya ciro shi ya miƙo mini, ya ce, "Malam, duba mana, yaushe ne ranar zuwa wurin telan nan?"

Na duba na ce saura kwana goma sha tara. Ya ce in nemi izinin makaranta da wuri, kada in bari sai ranar ta matso kamar wancan karon.